Bolin ne ko jifa? Tambayoyi da amsoshi kan rigimar gwiwar hannu a wasan kurket

Duk inda aka fara koya wa yara kurket, a filin makaranta a Bauchi ne ko a Gombe, ba a daɗewa gardama ɗaya take tashi. Malamin wasanni ya ce yaro jifa yake yi, yaron ya rantse bolin ne, abokan hamayya su ce ba za su ci gaba da wasa ba sai an cire shi. Mun tattaro tambayoyin da malaman wasanni, masu horarwa da sababbin alƙalan wasa suka fi yi a kan wannan batu. A nan "bolin" na nufin aika ƙwallo zuwa ga mai bugu ta hanyar da doka ta yarda, "jifa" kuma ita ce hanyar da ta hana.

Mene ne ainihin bambancin bolin da jifa?

Gwiwar hannu ce ke raba su. Mai jifa yana lanƙwasa hannu, sannan ya miƙar da shi da ƙarfi a daidai lokacin sakin ƙwallo, kuma wannan miƙewar ce ke ba ƙwallon gudu. Mai bolin kuwa hannunsa gaba ɗaya ne ke zagayowa daga kafaɗa, gwiwar hannu ba ta ƙara komai. Ƙarfinsa yana fitowa ne daga gudun da ya taho da shi, da dirar ƙafar gaba, da juyawar ƙugu da kafaɗa, da wuyan hannu.

Hanin bai shafi sauran 'yan wasa ba. Mai tsaron fili da ya ɗauki ƙwallo zai mayar wa mai tsaron wikit (sanduna uku da ake kafawa a bayan mai bugu), jifa ce aikinsa.

Me dokar ta ce daidai?

Kulob ɗin MCC na Landan ne ke rubuta dokokin kurket, kuma maganar tana cikin Doka ta 21. Ma'anarta ita ce: daga lokacin da hannun mai bolin ya kai daidai tsayin kafaɗa yayin da yake zagayowa, har zuwa lokacin da ƙwallo ya bar hannu, kada gwiwar hannu ta miƙe, ko kaɗan ko gaba ɗaya. Dokar ta kuma fayyace cewa karya wuyan hannu ko murɗa shi ba laifi ba ne.

A kula da iyakokin nan biyu. Abin da hannu ya yi kafin ya kai kafaɗa babu ruwan doka da shi, haka ma abin da ya yi bayan ƙwallo ya fita. Kusan kowane mai bolin yana naɗe hannu a ƙirji kafin ya fara zagayowa, kuma wannan ba komai.

Malam, akwai yaron da hannunsa a lanƙwashe yake tun daga farko har ya saki ƙwallo. Jifa ce?

Ba lallai ba. Nan ne mutane da yawa suke kuskure, har da tsofaffin hannu a wasan. Doka ba ta hana lanƙwasa ba, miƙewa ta hana. Idan hannun yaro yana lanƙwashe da digiri 35 a lokacin da ya kai kafaɗa, ya saki ƙwallo yana da digiri 28, miƙewar da ya yi digiri 7 ce kawai. Wani kuma ya kai kafaɗa da digiri 30 ya saki ƙwallo da digiri 5. A hoto na biyun zai fi kama da mai gaskiya, alhali ya miƙe da digiri 25, shi ne mai jifa.

Saboda haka hoto guda ɗaya ba hujja ba ne. Duk wanda ya turo muku hoto a WhatsApp yana cewa "ku dubi hannunsa", ku tambaye shi ina hoton daƙiƙar da ta biyo baya. Sai dai gaskiya ɗaya: hannun da ya taho a lanƙwashe ya fi saurin faɗawa cikin jifa, domin yana da wurin miƙewa. Yaron da babu wani ciwo ko halitta da ta hana shi miƙar da hannu, gara a koya masa tahowa da shi a miƙe.

To digiri 15 da ake ta faɗa, daga ina ya fito?

Daga hukumar kurket ta duniya, ICC. Da kyamarori masu saurin ɗauka suka samu, sai aka gano abin da ido bai taɓa gani ba: hannun ɗan Adam ba sanda ba ne, idan yana zagayowa da ƙarfi dole gwiwar ta ɗan motsa. Da farko ICC ta sa iyaka kala uku, digiri 10 ga masu bolin da gudu, 7.5 ga masu matsakaicin gudu, 5 ga masu murza ƙwallo, wato masu sa shi juyi don ya karkata bayan ya daki ƙasa. A 2004 aka ɗauki hotunan masu bolin a gasar da aka yi a Ingila, aka kuma duba tsofaffin faya-fayai, sai ga shi kusan kowa yana miƙar da gwiwa, har da waɗanda ake buga misali da tsabtar salonsu. Kwamitin da ya duba lamarin ya ƙunshi tsofaffin 'yan wasa irin su Michael Holding, Aravinda de Silva da Angus Fraser. Daga watan Maris na 2005 aka koma iyaka ɗaya ga kowa, digiri 15, bisa hujjar cewa daga nan ne ido yake fara hango miƙewar.

Don a gane ƙanƙantar abin, dogon hannun agogo yana tafiyar digiri 6 a kowane minti, ke nan digiri 15 tafiyar minti biyu da rabi ce.

Wannan iyaka ta wasannin da ke ƙarƙashin ICC ce da manyan gasanni masu ɗakin gwaji. Alƙalin wasan makarantu ba shi da abin awon digiri. Nasa aikin shi ne abin da idonsa ya gani a fili.

Me ya sa aka damu haka? Wace riba mai jifa yake samu?

Riba uku. Yana samun gudu ba tare da wahalar tahowa da gudu ba. Idan mai murza ƙwallo ne, miƙewar gwiwa tana taimaka wa yatsu su ƙara murzawa, ƙwallo ya fi karkata bayan ya daki ƙasa. Ta uku ta fi haɗari: mai bugu yana karanta ƙwallo ne daga zagayowar hannu, jifa kuwa tana fitowa ba zato, da gudun da bai yi daidai da abin da jiki ya nuna ba. Tsakanin wikit da wikit yadi 22 ne kawai, kimanin mita 20, ƙwallon manya kuma fata ce mai tauri da nauyinta ya kai giram 156 zuwa 163. A filayenmu da galibi siminti ne ko ƙasa mai tsakuwa, ga ƙarancin hular kwano, ƙwallon da aka jefa zai iya tashi ya sami yaro a fuska.

Sabuwar rigima ce?

Ko kusa. Asalin bolin ta ƙasa ake yin sa, ana gangaro da hannu ta gefen cinya. Da wasu suka fara ɗaga hannu zuwa kafaɗa, jifa aka kira abin, sai a 1835 aka halatta. Ɗaga hannu sama da kai, wanda kowa ke yi yau, bai zama halal ba sai a 1864, shekara biyu bayan wani alƙali ya yi ta hukunta ɗan wasan Ingila Edgar Willsher a Landan har shi da abokansa suka fice daga fili.

Ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960 ne abin ya yi ƙamari. A 1960 Geoff Griffin na Afirka ta Kudu ya fitar da masu bugu uku a jere a filin Lord's da ke Landan, a wasan nan kuma aka hukunta shi sau 11 kan jifa, bai sake buga wa ƙasarsa babban wasa ba. Hannunsa ya lanƙwashe ne sanadin hatsarin da ya yi yana yaro. A Disambar 1963 alƙali Col Egar ya hukunta Ian Meckiff na Ostiraliya sau huɗu a obarsa ta farko a Brisbane (oba ita ce jerin ƙwallayen da mai bolin ɗaya ke aikawa kafin wani ya karɓa). Kyaftin ɗinsa Richie Benaud bai sake ba shi ƙwallo ba, daga ranar kuma Meckiff ya bar wasa. A wancan zamani babu gwaji, babu ɗaukaka ƙara, idon mutum ɗaya ne ke yanke wa ɗan wasa abincinsa.

Muttiah Muralitharan fa? Mai jifa ne ko a'a?

Wannan ita ce tambayar da har gobe ke raba masoya kurket. Ɗan Sri Lanka ne, mai murza ƙwallo, kuma babu wanda ya kai shi fitar da masu bugu a tarihin wasannin ƙasa da ƙasa: 800 a wasannin kwana biyar, 534 a wasannin yini ɗaya. An haife shi da gwiwar hannun da ba ta miƙewa sosai, ga wuyan hannu mai laushi fiye da na kowa, ga kafaɗa mai juyawa da sauri. Haɗuwar ukun nan tana sa ido ya ga kamar hannun yana miƙewa.

Ranar 26 ga Disamba 1995 a Melbourne, alƙali Darrell Hair ya hukunta shi sau bakwai cikin oba uku. Bayan 'yan kwanaki alƙali Ross Emerson ma ya yi haka a Brisbane. Aka gwada shi a jami'o'i a Ostiraliya da Hong Kong a 1996, aka ce salonsa halal ne. A Janairun 1999 a Adelaide Emerson ya sake hukunta shi, kyaftin Arjuna Ranatunga ya ja 'yan wasansa zuwa bakin fili, wasa ya tsaya na ɗan lokaci. A 2004 kuma aka kai ƙarar wani salon nasa mai suna dusra, ƙwallon da ke karkata ta inda ba a zata ba, gwaji ya nuna miƙewar digiri 14, lokacin da iyakar masu murza ƙwallo take digiri 5, aka ce ya dakatar da shi. A shekarar ne ya yi bolin a gaban kyamarar talabijin hannunsa ɗaure cikin abin da aka ƙarfafa da ƙarfe, ƙwallo kuma ya karkata kamar kullum.

Namu ganin: salon da ya fi amfani da shi ya ci jarrabawa duk lokacin da aka auna shi, kuma wanda ya ce idonsa ya fi awo sai ya kawo hujja. Dusrarsa kuwa ta karya dokar da ake da ita a farkon 2004, ta kuma shiga cikin wadda ta zo a 2005. Duka maganganun biyu gaskiya ne.

Ke nan don shi aka sauya dokar?

Masu sukarsa haka suke cewa, kuma yadda 14 ta zauna daf da 15 ya ba su abin faɗa. Amma binciken 2004 ya nuna cewa da an tsaya kan tsohuwar iyaka, da manyan masu bolin da gudu na ƙasashe da dama sun faɗa ciki. Rigimarsa ce ta tilasta aka yi awon, awon kuma ya tona asirin kowa. Inda masu suka suke da gaskiya shi ne abin da ya biyo baya: alƙalai suka ja baya, matasa da yawa suka ɗauka an buɗe ƙofa, har sai da abin ya yi yawa.

Me ya sa masu murza ƙwallo da yatsu ne aka fi kamawa?

Ba su da gudun da zai ba su ƙarfi, taku huɗu ko biyar suke yi, don haka jarabar aro daga gwiwa ta fi yawa a wurinsu. Sannan ga dusra, wadda Saqlain Mushtaq na Pakistan ya shahara da ita a shekarun 1990. Ƙwallo ne da ke karkata ta ɓangaren da mai bugu bai zata ba. Don a yi shi, sai bayan hannu ya fuskanci mai bugu, ƙirji ya buɗe, gwiwar hannu ta riga ƙwallo gaba. A wannan yanayi mutum mai gaɓoɓi irin na kowa da wuya ya murza ƙwallo bai miƙar da gwiwa ba.

A 2014 ICC ta tashi tsaye. Aka dakatar da Sachithra Senanayake na Sri Lanka, Kane Williamson na New Zealand, Prosper Utseya na Zimbabwe, Sohag Gazi na Bangladesh da Mohammad Hafeez na Pakistan. Wanda ya fi girgiza mutane shi ne Saeed Ajmal na Pakistan, wanda a lokacin shi ne na ɗaya a duniya cikin masu bolin a wasannin yini ɗaya. Awonsa ya ninka iyaka fiye da sau biyu. Ya gyara salo ya dawo a 2015, amma kaifin ya tafi, bai sake zama abin tsoro ba. Sunil Narine na West Indies ma an dakatar da shi a ƙarshen 2015. Masu murzawa da wuyan hannu kuwa ba kasafai ake kai ƙararsu ba, domin yanayin hannunsu ba ya ba gwiwa damar taimakawa sosai.

Yaya ake yin gwajin a manyan wasanni?

A wasan ƙasa da ƙasa alƙali ba ya tsayar da wasa kan salon da yake zargi, rahoto yake rubutawa bayan an tashi. Daga nan ɗan wasa yana da kwana 14 ya je ɗaya daga cikin cibiyoyin da ICC ta amince da su, irin na Brisbane, Loughborough, Chennai, Pretoria da Lahore. Kafin sakamako ya fito yana iya ci gaba da bolin.

A ɗakin gwaji ana manna masa ƙananan alamomi masu ƙyalli a kafaɗa, damtse, gwiwar hannu da wuyan hannu. Kyamarori da yawa suna kewaye da shi, kwamfuta tana haɗa hotunan ta fitar da motsin ƙashi ta kowace fuska. Zai yi kowane irin ƙwallo da yake amfani da shi a wasa, ana kuma gwada gudunsa da salonsa da faifan wasan da aka kai ƙararsa, don kada ya zo ya yi lallaɓa. Idan ya wuce digiri 15 an dakatar da shi daga bolin a wasannin duniya har sai ya gyara an sake auna shi, amma yana iya yin bugu da tsaron fili. Wani lokaci nau'in ƙwallo ɗaya kawai ake hana shi, kamar yadda aka hana Johan Botha na Afirka ta Kudu dusra. Wanda ya sake faɗuwa cikin shekara biyu, hutun dole na wata 12 ne. Hafeez ya sha wannan a 2015.

Tsarin bai tsira daga suka ba. Mutum a ɗaki, babu 'yan kallo, babu gajiya, babu mai bugun da ke zane shi, ba lallai ya yi abin da yake yi a oba ta ƙarshe ba.

Lasith Malinga da Jasprit Bumrah fa? Salonsu bai yi kama da na kowa ba.

Baƙon salo daban, jifa daban. Malinga na Sri Lanka, lokacin da yake wasa, yana kawo hannu ne ta gefe, kusan daidai kafaɗa, amma a miƙe yake tun daga baya har sakin ƙwallo. Bumrah na Indiya, kamar Shoaib Akhtar na Pakistan a da, yana da gwiwar hannun da ke wuce miƙewa ta karye baya saboda laushin gaɓa, sannan ta dawo. Wannan ba abu ne da mutum ke yi da gangan ba, ƙarfin zagayowa ne ke tura ta, kuma ƙa'idar ICC ba ta lissafa shi. Idan kuna da yaro irin wannan, ku sa ya miƙa hannu tafinsa na kallon sama, za ku ga gwiwar ta lotsa ta wuce layi.

Ranka ya daɗe, a wasan makarantu wa ke da alhakin hukunta jifa, kuma me zai yi?

Alhakin farko na alƙali na biyu ne, wanda ke tsaye a gefe daura da mai bugu, domin na farkon idonsa na kan ƙafar mai bolin. Amma ko wanne ya gani zai iya kira. Matakan su ne: ya kira no-bol, wato ƙwallon da ya saɓa doka, ya miƙa hannu ɗaya gefe. Idan ƙwallo ya mutu, wato wasa ya tsaya, a gargaɗi mai bolin, a sanar da kyaftin ɗinsa da masu bugu cewa gargaɗin farko ne kuma na ƙarshe. Ya sake, a sa kyaftin ya cire shi nan take, wani ya ƙarasa obar, shi kuma ba zai sake bolin ba har abokan hamayya su gama wannan zangon bugu nasu, sannan a kai rahoto ga masu shirya gasa. Kowane no-bol maki ɗaya ne ga masu bugu, ana sake ƙwallon, kuma ba a fitar da mai bugu da shi ta hanyar dukan wikit ko cafkewa. A gajerun wasanni bugun kyauta yana biyo baya, wato ƙwallon da ke biye ma ba a fitar da mai bugu da shi ta waɗannan hanyoyi.

Shawararmu ga gasar yara 'yan ƙasa da 15: masu shiryawa su zauna da malamai kafin a fara su amince cewa jifa bayyananniya kaɗai za a kira a fili. Wadda ake kokwanto, alƙali ya ja malamin yaron gefe bayan wasa. Yaron da aka kunyata a gaban 'yan makarantarsu sau da yawa ba ya dawowa, sunan kuma ya bi shi.

Za mu iya gane jifa da kyamarar waya?

Za ta nuna muku babbar jifa, ba za ta ba ku digiri ba. Ku sa wayar a ɗaukar tafiyar hawainiya, hoto 120 ko 240 a daƙiƙa, ku kafa ta a kan wani abu kada ta yi rawa, tsayinta daidai kafaɗar yaron. Ku ɗauka daga wuri uku: gefen hannun da yake bolin da shi daga nisan mita 8 zuwa 10, daga baya, da kuma daga gaba. Ku manna farin salatif a kafaɗa, gwiwar hannu da wuyan hannu. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka, kuma a guji ranar da hazon hunturu ya yi kauri. A ɗauki aƙalla ƙwallo 12, a haɗa da waɗanda yake ƙoƙarin yi da ƙarfi, domin a nan jifa take ɓuya.

Sai ku tsayar da hoton a wuri biyu, inda damtse ya kwanta daidai kafaɗa da inda ƙwallo ya bar yatsu. Idan duka kusurwoyin uku sun nuna hannu ya buɗe, akwai matsala. Idan ɗaya ce kawai, ku yi hattara, domin damtse yana juyawa yayin da hannu ke zagayowa, kuma hannu lanƙwasasshe da ya juya yakan bayyana kamar ya miƙe. Mafi kyawun hoton shi ne wanda aka ɗauka a tsakiyar wasa yaron bai sani ba.

Me ke sa yaranmu jifa?

Da farko dai da ita suka tashi. Yaron da ya girma yana jifar mangwaro da korar awaki da hoge, jikinsa ya riga ya san hanya ɗaya ta aika abu nesa. Bayan wannan akwai dalilan da malami zai iya gyarawa.

Fili ya yi masa tsawo. Ɗan shekara 10 a yadi 22 ba zai kai ƙwallo ba sai ya taimaka da gwiwa. A rage masa zuwa yadi 16 ko 18. Ƙwallo ya yi masa nauyi: na yara giram 133 zuwa 144 ne, ba na manya ba. Ƙwallon tanis tsirara ma yana da nasa sharrin, don rashin nauyinsa yana sa yaro ya yi ta fizga, gara a naɗe shi da salatif.

Sai kurakuran jiki. Ƙirji ya buɗe ya fuskanci mai bugu tun ƙafar baya ba ta dira ba. Hannun gaba ya faɗi da wuri maimakon ya ɗaga ya ja ƙasa. Ƙafar gaba ta dira can gefe, kai ya karkata ya bi ta. Yaro ya taho da gudu ya tsaya cak a bakin layi. Kowanne cikin waɗannan yana zubar da ƙarfin da jiki ya tara, gwiwar hannu kuma ita ce ke cike giɓin. Gajiya ma haka: a zafin Maris da Afrilu yaron da ya fara da tsabta zai iya komawa jifa a oba ta biyar.

Yaya ake gyarawa, kuma zai ɗauki tsawon wane lokaci?

Kada ku tsaya kuna ce masa "miƙe hannunka". Ya ji, jikinsa ne bai ji ba. A cire shi daga bolin a gasa tukuna, ya ci gaba da bugu da tsaron fili.

Mako biyu na farko, a tsaye, babu gudu. Ya tsaya a gicciye, kafaɗar gaba na kallon inda zai aika ƙwallo, ƙwallon a gefen cinyarsa ta baya hannu a miƙe, hannun gaba a sama. Ya ja na gaba ƙasa, na baya ya zagayo damtse ya goge kunne, ya ƙare a gefen cinyar da ke ɗaya ɓangaren. Nisa yadi 10, a jikin raga ko bango, ƙwallo 30 zuwa 36, sau uku a mako. Ba a maganar gudu ko saiti a wannan mataki.

Za a iya sa masa abin tallafi: kwali mai kauri ko gorar roba da aka yanke kai da gindi aka tsaga, a zura a kan safa, a ɗaure da bandeji ba tamau ba. Amfaninsa shi ne ya ji yadda miƙaƙƙen hannu yake. A yi shida da shi, shida babu shi. Kada a yi cikakken gudu da shi, nauyin zai koma kafaɗa.

Mako na uku da na huɗu, taku ɗaya, sannan uku, sannan tafiya. Na biyar da na shida, sassarfa, ana ƙara nisa. Sai bayan nan cikakken gudu, har yanzu babu mai bugu. Mai bugu ne mataki na ƙarshe, domin da zarar an zane yaro sau biyu tsohuwar ɗabi'a take dawowa. Duk inda ta dawo, a koma matakin baya. A ɗauki hoto kowane mako. Ɗan shekara 11 ko 12 yakan gyaru cikin wata biyu zuwa uku, wanda ya shekara biyar yana jifa kuwa zai iya cin zangon karatu biyu, kuma a gaya masa tun farko cewa gudunsa zai ragu kafin ya dawo. Idan akwai ciwo a gwiwa ko kafaɗa, a tsaya a ga likita.

Malama ce ke tambaya: 'yan matanmu da dogon hannu suke wasa. Doka ta hana?

Ba ta hana ba, ga mace ko namiji. Ana yawan zargin masu dogon hannu da ɓoye gwiwa, amma zargi ne kawai. Don ɗaukar hoton gyara, riga mai kama hannu ta wadatar, a manna salatif ɗin a kanta, malama mace ta ɗauka. Hijabin kuma ya zama gajere ko a soke shi cikin riga yadda kafaɗa za ta zagaya ba tare da ya riƙe ta ba, domin kafaɗar da aka takure tana tura aiki ga gwiwa.

Yaron nan shi ke ci mana wasa. Ba za mu bar shi haka ba?

Za ku iya cin kofin shiyya da shi, amma a nan zai tsaya. Kurket ɗin Najeriya ya wuce inda ake kau da kai: matasa maza 'yan ƙasa da 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan mata kuma sun doke New Zealand a tasu gasar a Maleshiya a 2025. A irin waɗannan gasanni akwai kwamitin ƙwararru da ke duba faifai, kuma yana iya dakatar da mutum ana tsakiyar gasa. A wasannin neman gurbin gasar duniya na 2019 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an dakatar da masu bolin uku ta wannan hanya, ɗaya daga Najeriya, ɗaya daga Sikotlan, ɗaya daga Singafo.

Idan gasa ta matso kuma babu lokacin gyara, ku sa shi a jerin masu bugu, ku ajiye shi a wurin da ake buƙatar mai ƙarfin jifa a bakin fili, ku fara aikin gyaran a makon farko na hutu. Wanda aka yi wata shida ana fama gudun bai zauna ba, a gwada shi da murza ƙwallo da wuyan hannu, a fara daga yadi 10 kamar sabon shiga.